"Da Idona Na Gani": Yadda Mai Gaskiya Ke Shaidar Abin Da Bai Faru Ba

Idan shaidu biyu suka tsaya gaban alƙali, ko gaban mai unguwa a zaman sulhu, suka ba da labarin abu ɗaya amma maganarsu ta saɓa, abin da zuciyar mai sauraro ke fara raya masa shi ne lalle ɗayansu ƙarya yake yi. Sai a shiga laluben wanda aka saya, ko wanda yake da dangantaka da mai ƙara. Wani lokaci kuwa hakan ne. Amma akwai wani hali da ba kasafai muke kawo shi a rai ba: su biyun duk masu gaskiya ne, kowa yana faɗin abin da yake gani ƙarara a cikin kansa, kuma ɗayansu, ko ma su duka, sun kauce. Mutum yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya a kan abin da bai faru ba. Masana halayyar ɗan'adam sun shafe fiye da shekara ɗari suna auna wannan al'amari, kuma abin da suka gano ya cancanci a bi shi daki-daki, domin ya shafi kotu, ya shafi rabon gado da iyakar gona, ya shafi labaran da ake turo mana a waya.

Mu fara daga lokacin da abin yake faruwa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma ba shakka wanda ya gani ya fi wanda aka ba labari. Sai dai ido yana sauka a kan abubuwa da yawa waɗanda hankali bai ɗauka ba. A shekarar 1999, Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard sun nuna wa mutane wani gajeren bidiyo na matasa shida suna jefa wa juna ƙwallon kwando, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe. Aka ce wa mai kallo ya ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana tsaka da wasan sai wata mata sanye da kayan goggon biri ta ratso tsakiyarsu, ta wuce a hankali. Kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba sam. Idonsu yana kan allon, hankalinsu yana kan ƙirge. Haka yake faruwa ga wanda ɗan fashi ya nuna wa bindiga: bakin bindigar yake kallo, fuskar mai riƙe da ita kuwa sai abin da ya ɗan tsinta. Ke nan tun daga farko abin da ke shiga ƙwaƙwalwa guntaye ne, da gurabe a tsakaninsu.

Tambayar da ta biyo baya ita ce: in guntaye ne suka shiga, me ya sa idan mun tashi tunawa muke ganin labarin a cike, ba rami ko ɗaya? Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara amsa wannan da gwaji shi ne Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij a Ingila, a littafin da ya fitar a 1932. Ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta mutanen asalin arewacin nahiyar Amurka, labarin wasu samari da suka fita farautar wata dabbar ruwa, suka gamu da mayaƙa a cikin kwalekwale, ashe fatalwa ne. Tatsuniyar baƙuwa ce gare su, tsarinta ma bai yi kama da nasu ba. Sai ya riƙa sa su maimaita ta daga ka, bayan mintoci, bayan makonni, wasu har bayan shekaru. Labarin ya riƙa gajarcewa, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne yadda ya riƙa sauya kama. Farautar dabbar ruwa ta koma kamun kifi, kwalekwale ya koma irin jirgin ruwan da suka sani, abubuwan da ba su gane ba suka faɗi, ko kuma aka ƙaga musu dalilin da babu shi a asali. Kuma masu maimaitawar ba su san sun canza komai ba.

Abin da Bartlett ya fahimta shi ne tunawa gini ne da ake sabuntawa. Kamar gidan ƙasa ne da ake yi wa yaɓe duk bayan damina: gidan yana nan inda yake, siffarsa ma kusan ɗaya, amma bayan shekara ashirin mai gidan kansa ba zai iya nuna maka wace ƙasa ce ta ranar farko, wace ce ta bara ba. Kayan yaɓen su ne abin da muka saba gani, abin da muke tsammani, da abin da muka ji daga baya. Binciken ƙwaƙwalwa ya ƙarfafa wannan fahimta. A shekarar 2000, Karim Nader da abokan aikinsa a birnin New York sun koya wa ɓeraye tsoron wata ƙara. Idan aka tuna wa ɓera ƙarar sannan aka ba shi maganin da ke hana ƙwaƙwalwa haɗa sinadarin furotin, tsoron sai ya raunana; idan aka ba shi maganin ba tare da an tuna masa ba, tsoron yana nan daram. Ɓera ba mutum ba ne, a yi hattara, amma ishara ce mai ƙarfi cewa duk lokacin da aka ɗauko abin da aka adana, yana yin laushi, sai an sake adana shi.

A nan mai karatu zai iya cewa, to, tatsuniyar wasu ce, wa zai damu ya riƙe ta? Manyan abubuwa fa, irin ranar da aka ji mutuwar wani babba, ko ranar juyin mulki, waɗanda kowa zai gaya maka inda yake zaune da wanda ya kawo masa labari? An gwada wannan ma. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, 'yan sama jannati bakwai suka mutu. Washegari Ulric Neisser na Jami'ar Emory ya raba wa ɗalibai 106 takarda, kowa ya rubuta inda yake lokacin da ya ji, abin da yake yi, wanda ya gaya masa, da ƙarfe nawa. Ya adana takardun. Bayan shekara biyu da rabi, shi da Nicole Harsch suka nemo 44 daga cikinsu suka sake yi musu tambayoyin. Kashi ɗaya cikin huɗu ba su dace da rubutunsu na farko a ko abu ɗaya ba. Da yawa waɗanda a baki suka fara ji, yanzu sun "tuna" a talabijin suka gani. Duk da haka mafi yawansu sun ce sun sakankance da abin da suka faɗa. Da aka ɗauko musu takardun da suka rubuta da hannunsu, sun yarda rubutunsu ne, amma tsohon labarin bai dawo musu ba. Sabon ne suke ci gaba da gani.

Wannan sakamako, a ganina, shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Ƙarfin yaƙinin mutum da ingancin abin da ya tuna abubuwa biyu ne da suke iya rabuwa. Tashin hankali yana sa labari ya yi haske a zuciya, kuma hasken ne muke ɗauka a matsayin hujja.

Yanzu sai mu duba ta ina baƙon abu yake shiga. Hanya mafi sauƙi ita ce tambaya. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer na Jami'ar Washington sun nuna wa ɗalibai 45 fina-finan haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin suke yi. Tambaya ɗaya ce, kalma ɗaya tak ake sauyawa. Wasu an tambaye su gudun motocin lokacin da suka taɓa juna, wasu lokacin da suka bugi juna, wasu lokacin da suka ragargaza juna. Waɗanda suka ji kalma mai laushi suka ƙiyasta kusan mil 32 a awa, waɗanda suka ji mai tsanani suka ce mil 40 da ɗoriya. Abu ɗaya suka kalla.

Ana iya cewa ɗaliban sun bi bakin mai tambaya ne kawai, a ransu sun san abin da suka gani. Don haka aka yi gwaji na biyu da mutum 150, aka kasa su uku. Hamsin aka yi musu tambaya da kalmar ragargaza, hamsin da kalmar bugu, hamsin ba a tambaye su gudu ba ko kaɗan. Bayan mako guda aka dawo da su aka ce: kun ga fasasshen gilashi? Babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. A rukunin farko mutum 16 suka ce sun gani, a na biyu 7, a na uku 6. Kalma ɗaya da aka furta mako guda baya ta shiga cikin hoton ta zuba gilashi a kan titi. Daga baya, a 1995, Loftus da Jacqueline Pickrell sun ƙara nisa. Suka ba mutum 24 labarai huɗu na ƙuruciyarsu, uku na gaskiya da aka samo daga danginsu, ɗaya ƙagagge, cewa sun taɓa ɓata a babban kanti suna 'yan shekara biyar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka zo suna tuna ɓatan, wasu har da ƙarin bayanin da ba wanda ya ba su.

Ba sai an je ɗakin gwaji za a ga irin wannan ba. Uwar da yaronta ya shigo da kuka ta ce masa, "Wancan babban yaron ne ya doke ka, ko?" ta riga ta miƙa masa amsa. Maƙwabtan da suka taru a ƙofar gida bayan an yi sata, na farkon da ya ce ɓarawon dogo ne mai jar hula ya raba wa sauran dogo mai jar hula, kuma kafin 'yan sanda su iso an sami shaidu biyar da bakinsu ya zo ɗaya. Alƙali zai ga shaidu biyar, alhali shaida ɗaya ce aka kwafa sau huɗu.

Ga yadda abin yake idan ya kai ga rayuwar mutum. A watan Yuli 1984, a garin Burlington na jihar North Carolina, wani mutum ya fasa ɗakin wata ɗaliba mai shekara 22, Jennifer Thompson, ya yi mata fyaɗe da wuƙa a wuya. Cikin wannan hali ta ƙudurta cewa in ta rayu sai ta gane shi, don haka ta riƙa nazarin fuskarsa da gangan. Ta taimaka wa 'yan sanda aka zana kamanninsa. Aka jera mata hotuna shida, ta daɗe tana dubawa, sannan ta nuna na wani matashi, Ronald Cotton. Bayan kwanaki aka jera mata mutane a tsaye, ta sake nuna Cotton, aka gaya mata ai shi ne wanda ta zaɓa a hoto. A kotu, a 1985, ta nuna shi ba ko ɗar, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A gidan yari Cotton ya haɗu da wani fursuna mai kama da shi, Bobby Poole, har labari ya fito cewa Poole yana cewa shi ya aikata. Da aka sake shari'ar a 1987 aka kawo Poole gabanta, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba a rayuwarta. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya nuna Poole ne, aka saki Cotton bayan ya yi fiye da shekara goma a tsare. Daga baya su biyun suka haɗu, ya yafe mata, suka rubuta littafi tare a 2009.

A duba matakan da kyau. Thompson ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. A jerin hotuna ta zaɓi wanda ya fi kama da abin da ta riƙe, tunda mai laifin ba ya ciki. A jeri na biyu fuska ɗaya ce kawai ta taɓa gani a baya, ta cikin hoton, sai sanayyar hoto ta zame mata sanayyar daren. Kowane maimaici yana ƙara dasa fuskar Cotton a gurbin ta Poole, har ta kai ranar da ainihin mutumin ya tsaya gabanta ya zama baƙo. Kalmar ƙarfafa gwiwar da ta ji ma tana da nata aikin. A 1998 Gary Wells da Amy Bradfield sun nuna wa mutane bidiyon wani mai laifi, suka ba su jerin hotunan da ba ya ciki, kowa ya zaɓi wani, ke nan kowa ya yi kuskure. Waɗanda aka ce wa sun dace ba yaƙininsu kaɗai ya ƙaru ba. Sun koma suna cewa sun ga fuskar sosai, sun mai da hankali sosai, kuma nan take suka gane shi. Yabo na daƙiƙa biyu ya koma baya ya gyara yadda suke tuna kallon da suka yi. Ƙungiyar Innocence Project, wadda aka kafa a 1992, ta lissafa cewa cikin mutum 375 da DNA ya wanke a Amurka, kusan kashi 70 cikin ɗari kuskuren shaidar gani da ido yana cikin abin da ya ɗaure su.

To me ya sa ba ma kama kanmu? Domin hankalin da ya kamata ya yi binciken yana da nasa karkatar. Mai karatu ya gwada wannan. Ga lambobi uku: 2, 4, 6. Suna bin wata ƙa'ida da na ɓoye. Kana iya kawo wasu lambobi uku in ce maka sun bi ko ba su bi ba, har ka gano ƙa'idar. Yawancin mutane sukan ce 8, 10, 12. Sun bi. 20, 22, 24. Sun bi. Sai su bugi ƙirji su ce ƙa'idar ita ce ƙarin biyu-biyu. Ba ita ba ce. Ƙa'idar ita ce kowace lamba ta fi wadda ta gabace ta girma, shi ke nan. 1, 7, 500 ma sun bi. Peter Wason ya yi wannan gwaji a Landan a 1960, kuma cikin ɗalibai 29 shida ne kawai suka dace a amsar farko. Sauran sun riƙa kawo misalan da za su gaskata zatonsu. Abin da zai fitar da su shi ne su kawo misalin da suke tsammanin za a ce bai bi ba, kamar 3, 4, 9, su ji an ce ya bi, nan take zaton ya rushe. Amma rai ba ya son neman abin da zai ƙaryata shi. Ɗan sandan da ya riga ya yarda ya kama mai laifi, ko matar da ta riga ta yarda kishiyarta ce ke mata asiri, kullum sabuwar hujja suke samu, domin abin da ya dace da zaton shi ake gani, shi ake riƙewa, wanda bai dace ba kuwa ya zube a hanya yadda baƙin abubuwan tatsuniyar Bartlett suka zube.

Akwai kuma "ai na faɗa". Kafin tafiyar Shugaba Nixon na Amurka zuwa Sin da Tarayyar Sobiyet a 1972, Baruch Fischhoff da Ruth Beyth sun sa ɗalibai a Isra'ila su rubuta hasashensu, misali ko Nixon zai gana da Mao, jagoran Sin. Bayan tafiyar aka ce su tuna abin da suka rubuta. Abin da ya faru, sai suka tuna sun ba shi ƙarfi fiye da yadda suka ba shi a takarda. Duk wanda ya zauna a majalisa washegarin zaɓe ya san wannan: da wuya ka sami wanda zai ce sakamakon ya ba shi mamaki. Illar ita ce mutumin da kullum yake tuna cewa ya dace ba shi da dalilin gyara yadda yake hasashe.

Misalin da ya haɗa waɗannan duka a gida ya faru, kuma da yawanmu muna cikinsa. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Likitar da ta gane cutar ta hana shi fita daga asibiti, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, ita ma ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Tsoro ya cika ƙasa. A farkon Agustan nan, cikin dare, saƙo ya bazu ta waya daga Kudu har Arewa cewa a tashi kafin gari ya waye a yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri, a kuma sha. Ɗan'uwa ya kira ɗan'uwa, uwa ta tashi 'ya'yanta. Ma'aikatar lafiya ta fito ta ƙaryata, amma an riga an sha. An kwantar da mutane a asibiti, kuma jaridu sun ba da rahoton waɗanda suka mutu, domin gishiri mai yawa haɗari ne, musamman ga mai hawan jini.

Abu biyu suka yi aiki a nan. Na farko maimaici. Tun 1977 Lynn Hasher da abokan aikinta suka nuna cewa idan mutum ya ji magana sau biyu ko uku, ko da mako biyu a tsakani, yakan fi ɗaukar ta gaskiya a kan wadda ya ji sau ɗaya, ko da ƙarya ce. Abin da kunne ya saba da shi yana shiga da sauƙi, sauƙin kuma sai mu fassara shi da inganci. Wanda mutum huɗu suka kira a daren nan ya ji kamar shaidu huɗu ne, alhali saƙo ɗaya ne yake zagayowa.

Na biyu ya zo daga baya, kuma ya fi wuyar cirewa. Har yau za ka sami wanda zai ce, "To ai mun yi wankan, kuma ba mu kamu ba." Maganarsa gaskiya ce, hukuncin da ya ciro daga cikinta ne gurgu. Don a san ko gishiri ya yi aiki, rukuni huɗu ake buƙatar dubawa: waɗanda suka yi wanka suka tsira, waɗanda suka yi suka kamu, waɗanda ba su yi ba suka tsira, da waɗanda ba su yi ba suka kamu. Shi rukunin farko kaɗai yake kallo, domin a ciki yake. Da ya leƙa na uku da ya ga miliyoyin mutanen da ko ɗigon ruwan gishiri bai taɓa su ba, kuma lafiyarsu ƙalau. A ƙasa mai mutum fiye da miliyan 170, mutum 20 ne suka kamu, 8 suka mutu, a Legas da Fatakwal, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙarshen cutar a Nijeriya ranar 20 ga Oktoba 2014. Abin da ya tsayar da ita bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar ne da killace su. Cewa abu ya zo bayan wani abu bai nuna shi ya jawo shi ba. Wannan kuskure shi ke riƙe da kasuwar masu maganin da ke warkar da cuta arba'in: mura da ƙananan ciwuka da yawa suna tafiya da kansu, wanda ya warke yana dawowa ya yi shaida a bainar jama'a, wanda bai warke ba yana gida, ko yana kushewa, ba a jin ta bakinsa.

Abin da ya kamata ya ba ɗalibin ilimi a ƙasar Hausa sha'awa shi ne malaman hadisi sun raba gaskiyar mutum da ingancin tunawarsa tun fiye da shekara dubu da suka wuce. A sharuɗɗan hadisi ingantacce, adalcin maruwaici sharaɗi ne daban, dabɗinsa, wato kiyayewarsa, sharaɗi ne daban. Mutum yana iya zama mai tsoron Allah, mai tsayuwar dare, a ajiye ruwayarsa saboda raunin hadda. An ruwaito cewa Imamu Malik ya riski dattawa da yawa a Madina waɗanda za a iya ba amanar baitulmali, amma bai karɓi hadisi daga gare su ba, domin ba fanninsu ba ne. Yadda suke auna kiyayewa ma abin lura ne: ba sa tambayar mutum ko ya tabbata, sai su jera ruwayarsa kusa da ta sauran ɗaliban malaminsa su ga sau nawa ya saɓa. Sun bambanta mai kiyayewa da ka da mai kiyayewa da littafi. Sun kuma lura da lokaci. Abdullahi bin Lahi'a, alƙalin Masar da ya rasu a shekara ta 174 bayan Hijira, an ce littattafansa sun ƙone a ƙarshen rayuwarsa, sai malamai da yawa suka fifita abin da tsofaffin ɗalibansa irin su Ibnul Mubarak da Ibnu Wahbin suka ji daga gare shi a kan abin da aka ji daga baya. Mutum ɗaya ne, amanarsa ɗaya, amma ruwayar farko ta fi ta ƙarshe. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma da muminai take magana. Duk da haka sau nawa ake ba da bashi ko a sayar da fili tsakanin 'yan'uwa a ji kunyar ɗauko takarda, wai kada a ce ba a yarda da juna ba?

Gyaran da aka yi a wasu kotuna da ofisoshin 'yan sanda na Amurka kusan wannan hanya ya bi. A 2014 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto a kan shaidar gani da ido. Ta ba da shawarar cewa jami'in da zai jera wa mai shaida hotuna kada ya zama ya san wanda ake zargi, don kada fuskarsa ko muryarsa ta ba da amsa. A gaya wa mai shaida tun farko cewa mai laifin yana iya kasancewa ba ya cikin jerin. A ɗauki zaman a bidiyo. Sannan a rubuta, da kalmominsa, yadda ya ji a ransa a daidai lokacin da ya nuna mutum, kafin kowa ya ce masa uffan. Mai unguwa ko shugaban makaranta da ke binciken rigima yana iya aron mafi yawan wannan ba da ko sisi ba: a raba shaidu kafin su tattauna, a fara da "gaya mini abin da ya faru" a yi shiru, a bar tambayoyin e ko a'a zuwa ƙarshe, a rubuta a ranar.

Wannan duka bai nuna a jefar da shaidar ido ba. Nazarin da John Wixted da Gary Wells suka fitar a 2017 ya nuna cewa idan aka tsare waɗancan sharuɗɗa, mai shaidar da ya nuna mutum da cikakken yaƙini a karon farko yawanci yana dacewa, wanda ya yi jinkiri da kokwanto kuwa yawan kuskurensa babba ne. Yaƙinin ranar farko yana da ma'ana; na ranar shari'a, bayan watanni ana maimaitawa, shi ne wanda ba a iya dogara da shi. Wani malamin shari'a, Brandon Garrett, ya bi bayanan shari'o'in mutum 161 da shaidar ido ta ɗaure, DNA ya wanke daga baya. A littafinsa na 2011 ya nuna cewa a kashi 57 cikin ɗari na shari'o'in, masu shaidar da suka tsaya a kotu suna cewa sun tabbata, a ganin farko sun yi kokwanto, ko sun nuna wani daban, ko ma sun ce ba su ga fuskar sosai ba.